2.3 Maƙoƙon da Ba Rashin Aidin Ke Kawo Shi Ba

Ba kowane maƙoƙo ne rashin sinadarin aidin ke haddasawa ba. Akwai wanda ƙululun wuya, wato tayirod, ke aiki fiye da kima, kuma ƙarin aidin na iya tsananta shi. Likita Robert Graves na ƙasar Ailan ya bayyana cutar a 1835. A 1956 Adams da Purves suka gano cewa wani abu ne cikin jini ke ingiza ƙululun, daga baya aka tabbatar garkuwar jiki ce ke samar da shi. Majiyyaciya, domin galibi mata ne, takan rame alhali tana ci sosai, ga zufa da karkarwar hannu. Babban haɗarin yana ga zuciya: bugunta kan rikice, har ya jawo shanyewar ɓarin jiki.