Garin Da Ake Sassaƙa Gadon Amarya

 Yau labarin wata tafiya na kawo muku, wadda ta sa na ji kunyar kaina, ta kuma gyara zumuncin da na kusa ɓatawa da bakina.

Asalin maganar, ƙanwata ce ta kawo wanda take so gida, yaro mai hankali da ladabi, sai dai sana'arsa kafinta ne. Ni kuwa da jin haka na hau sama, na ce mata duk samarin garin nan ta rasa wanda za ta ɗauko sai mai bugun ƙusa? Yarinyar nan ta yi kuka har ta gode Allah, muka yi wajen wata biyu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Ana cikin haka maigida ya samu tafiya Masar ganin likita a shekarar 2022, ya ce in shirya in raka shi. Da na je sallama sai Inna ta ja ni gefe ta ce, "Ke babba ce, in kin je ki dubo wa 'yar uwarki irin gadon da ake yayi, ko hoto ne ki zo da shi."

Bayan likita ya sallame mu na roƙi maigida ya kai ni inda ake yin kayan ɗaki. Kuskuren farko da muka yi shi ne tambayar direban tasi, domin bawan Allah nan ɗaukar mu ya yi sai wani ƙaton kanti mai gilasai, inda ashe la'ada yake samu. Kaya dai ga su gwanin sha'awa, amma babu zarto babu guduma. Wani ɗalibi ɗan ƙasarmu da ke karatu a Azhar shi ya yi mana dariya ya ce, "Hajiya, ai mai son ganin aiki ba ya tambayar mai sayarwa. Ku fara da tsofaffin gine-gine, daga nan ku wuce Dumyaɗ."

Haka kuwa aka yi. A tsohon birnin Alƙahira muka shiga wani gida da ake kira Baitus Suhaimi, wanda aka fara ginawa a 1648. Tagoginsa irin waɗanda suke kira mashrabiyya ne, wato ƙananan guntayen katako da aka murza aka sarƙe da juna kamar saƙa. Matar gida na ciki tana kallon waje, iska na shigowa, amma na waje ba ya ganinta. A masallacin Ibn Ɗulun kuma muka ga mumbarin da Sarki Lajin ya sa aka yi a 1296, an tsara shi da guntaye masu siffar tauraro, kowane ya shige cikin ɗan uwansa. Na tsaya ina lissafi, sama da shekara 700 ke nan ana zuwa kallon aikin kafinta.

Washegari muka kama hanyar Dumyaɗ, tafiyar kusan kilomita 200 arewa da Alƙahira, a bakin reshen kogin Nilu dab da inda yake faɗawa Bahar Rum. Kai jama'a! Tun daga shiga gari ƙamshin katako da fenti ke yi maka maraba. Ƙasan gida shagon aiki, sama kuma iyali. Ƙafafun kujeru jibge a bakin titi, ana jigilarsu a amalanke da ƙananan motoci daga wannan lungu zuwa wancan. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kowa da fanninsa: mai haɗa jikin kujera daban, mai sassaƙa furanni da suke kira oima daban, mai fenti da shafa ruwan zinare daban, mai ɗinkin kushin daban. Kujera ɗaya sai ta ratsa hannu huɗu ko biyar. Kuma ƙasar ba ta da daji irin namu, yawancin katakon daga waje ake shigo da shi ta jirgin ruwa, har da wanda suke ji da shi mai suna zan, daga Turai. A 2019 ma gwamnatinsu ta buɗe wani sabon birni na musamman domin masu wannan sana'a.

Wani dattijo ya ba mu kujera da shayi a shagonsa, ɗalibin nan yana yi mana tafinta. Ya ga ina shafa wani gado mai ƙyalli, sai ya yi murmushi ya ce, "'Yata, fuska ta mai fenti ce, ki leƙa baya." Ya koya mini in zaro durowa in ga ko an sarƙe kusurwoyinta ko kuwa ƙusa kawai aka buga, in ɗaga kujera in ji nauyinta, in duba bayan sif ko katako ne ko garin katako da aka matse da gam, wanda da ya sha ruwa sai ya kumbura. Na kalli hannunsa duk kanta, na tambaye shi 'ya'yansa fa? Ya ce da wannan hannun ya aurar da mata uku, ya kuma yi wa kowacce gadonta da kansa. Wallahi nan take ƙanwata ta faɗo mini a rai, idona ya ciko.

To ga shawarata ga duk wadda Allah ya nufa da fita waje. Ki tambayi ɗalibai ko mazauna garin unguwar masu aiki. Ki je da safe, kuma ki guji ranar Juma'a. Ki nemi izini kafin ɗaukar hoto, ki kula da mayafinki kusa da inji. Kada ki yi saurin sayen babban kaya, domin kuɗin dako da na kwastan na iya cinye miki riba. Ni dai ɗan akwati mai adon ɓawon kifi na saya a kasuwar Khan Halili, sai hotuna.

Da muka dawo, ɗakin ƙanwata na fara shiga na ce, "Ki yafe wa yayarki, ki kira mini shi." Ya zo yana sunkuyar da kai, na miƙa masa hotunan. Ya daɗe yana duba ɗaya, sannan ya ce, "Yaya, in an ba ni lokaci zan gwada da maɗaci." Ranar jere 'yan uwan Inna sai tambaya suke daga wace ƙasa aka yo odar gadon, ni kuwa na ce su tambayi ango.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.