Wa Zai Biya Kuɗin Jinya? Tambayar Da Ta Kamata Mu Yi Kafin Zaɓe

Duk lokacin da kakar zaɓe ta matso, maganar da ta fi cika bakin mutane a Musawa da kewayenta ita ce ta tsaro, da takin zamani, da hanya. Haka kuwa ya kamata, domin manomin da tsoro ya hana shi zuwa gona ba shi da wata magana da ta wuce wannan. Amma akwai wani abu da ke cin dukiyar gidajenmu shekara da shekara, wanda da wuya a ji an tsare ɗan takara a kansa, wato kuɗin jinya. Mun yi imani cewa cuta jarrabawa ce daga Allah, kuma haka take. Sai dai ko za a tarar da ma'aikaciyar karɓar haihuwa a asibitin mazaɓa da tsakar dare, ko akwai magani a kanta, ko sai an rubuta takarda an ce a je kemis, wannan aikin mutane ne. Waɗanda muka zaɓa ne ke sa shi a kasafin kuɗi, ko su bar shi a baya.

Abin da ake kira manufar kiwon lafiya shi ne tsarin da gwamnati ta zauna a kai game da abu uku: wa zai biya kuɗin magani, su wa za su duba marar lafiya, kuma nisan da zai yi kafin ya same su. Na farkon shi ne uwa-uba. A Nijeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na duk abin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun marar lafiya ko danginsa yake fitowa, a ranar da cutar ta kama shi. Ƙasashe kaɗan ne a duniya suka kai mu a nan.

Mu duba abin da wannan ke nufi a watan Agusta, a ƙauyen da ke bayan Jikamshi ko Dangani. Ruwa ya sauka sosai, masara ba ta nuna ba, rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa. Yaro ya kwana da zazzaɓi. Uwarsa ta fara da jiƙo, uban ya sayo ƙwaya 'yar naira kaɗan a shago. Ba don ba su san asibiti ba ne, sun san abin da zuwa asibiti zai ci. Sai a kwana na uku, da yaron ya fara shiɗewa, tafin hannunsa ya yi fari fat, a ɗora shi a babur. A can a ce yana buƙatar ƙarin jini, a miƙo takarda: ledar jini, allura, ruwan ƙari, safar hannu. Kafin azahar akuya ta tafi kasuwa, ko an ci bashin da za a biya da buhun masara idan kaka ta yi. In Allah ya sa yaron ya tashi, gidan ya shiga shekara mai zuwa da giɓi. Cutar da ɗan kuɗi kaɗan zai kashe a ranar farko ta cinye jarin noma, saboda tsoron kuɗin ne ya jawo jinkirin tun farko.

A nan ne masu sassaucin ra'ayi suke da abin cewa. Waɗannan su ne 'yan siyasa da masana da ke ganin cewa kowane ɗan ƙasa yana da haƙƙi da 'yanci daidai da na kowa, kuma aikin hukuma shi ne ta kare wannan haƙƙi. Hujjarsu game da lafiya mai sauƙi ce: 'yancin yin zaɓe da na faɗin albarkacin baki ba su da amfani sosai ga mutumin da ciwo ɗaya zai iya raba shi da gonarsa. Saboda haka suka ce kada a bar kuɗin jinya a wuyan mutum ɗaya a ranar da ya fi kowa rauni. A tara shi tun kafin cutar ta zo, daga masu lafiya da masu hali, ya zama kamar aikin gayya: yau gonar wani, gobe taka.

A cikinsu ma akwai saɓani. Wasu na ganin gwamnati ta tara haraji ta riƙe asibitoci da kanta, magani ya zama kyauta. Wasu kuma suna ganin a yi inshora, wato kowa ya riƙa zuba wani ɗan abu a asusu ɗaya, gwamnati ta zuba wa wanda ba shi da hali, marar lafiya kuma ya je asibitin da ya ga dama, na gwamnati ko na kuɗi. Akwai kuma masu adawa da su gaba ɗaya, da ke cewa gwamnati ba ta iya riƙon amana ba, kuma duk abin da aka ce kyauta ne lalacewa yake yi. Wanda ya taɓa zuwa asibiti ya ga “magani kyauta” a rubuce a bango, kanta kuwa wayam, ba zai ce maganarsu shirme ce ba. A ganina dai amsar wannan ita ce a sa ido a kan kuɗin, domin barin talaka da aljihunsa mun gwada shi, mun kuma ga inda ya kai mu.

Abin lura shi ne, ƙasashen da suka gyara wannan matsala, da yawansu a rumfar zaɓe suka soma. A Ingila, wani masani mai suna William Beveridge ya fitar da rahotonsa na tsarin inshora da jinya ga kowa a 1942, ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu. A zaɓen 1945 jama'a suka kayar da Winston Churchill, duk da shi ya jagorance su a yaƙin, suka zaɓi jam'iyyar Leba da ta yi alkawarin aiwatar da tsarin, kuma a 1948 aka buɗe hukumar lafiyarsu ta ƙasa. Kusa da mu, a Ghana, an daɗe ana fama da tsarin sai ka biya a duba ka. John Kufuor ya yi yaƙin neman zaɓen 2000 da alkawarin soke shi, a 2003 aka kafa dokar inshorar lafiya ta ƙasa. Darasin maƙwabtanmu na Nijar kuwa ya fi kowanne kama da halinmu. A 2006, zamanin Tandja Mamadou, an ce jinyar yara 'yan ƙasa da shekara biyar da tiyatar haihuwa kyauta ne. Mata suka yi tururuwa zuwa asibiti, amma gwamnati ta riƙa jinkirin biyan asibitocin abin da suka kashe, bashi ya taru, magani ya riƙa yankewa. Alkawarin mai kyau ne, kuɗin da za su riƙe shi ne ba a tanada yadda ya kamata ba.

Mu ma a nan maganar ba baƙuwa ba ce. A zaɓen 1979, kiwon lafiya kyauta na cikin manyan alkawuran jam'iyyar UPN ta Obafemi Awolowo. A wannan zaɓen ne kuma mutanen ƙasar Katsina, lokacin muna cikin tsohuwar Jihar Kaduna, suka ga an zaɓi Balarabe Musa na PRP gwamna, ya soke haraji da jangali. Dattawanmu sun san lokacin da ake zaɓe saboda manufa.

Yawancinmu ba mu san cewa akwai dokokin da suka riga suka ba mu wani abu a hannu ba. A 2001, a Abuja, shugabannin Afirka suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu ga lafiya. Kason Gwamnatin Tarayya ya fi yawan tsayawa a wajen kashi 5. A 2014 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu a Dokar Lafiya ta Ƙasa, wadda ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, ta ce a riƙa zuba masa aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya. Sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. Yadda dokar ta raba shi, rabi na biya wa 'yan ƙasa kuɗin jinya ne, kashi 45 na magani da kayan aiki da gyaran ƙananan asibitoci da ma'aikata, kashi 5 na agajin gaggawa. Wani kaso yana shiga asusun asibitin mazaɓa kai tsaye, kuma kwamitin ci gaban mazaɓa, wanda mutanen gari ne ke cikinsa, yana da ta cewa kan yadda za a kashe. Wannan doka kuma ta haramta wa kowane asibiti ya ƙi karɓar wanda ke cikin halin rai-kwakwai-mutu-kwakwai saboda kowane irin dalili.

A watan Mayun 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a wata dokar da ta wajabta inshorar lafiya ga kowa, ta kuma tanadi asusu na musamman don masu rauni. Jihar Katsina tana da tata hukumar taimakekeniyar lafiya, wadda ta nan ake yi wa mutane rajista. A ƙarshen 2024 kuma Ministan Lafiya, Farfesa Muhammad Ali Pate, ya sanar da shirin yi wa mata marasa hali tiyatar haihuwa kyauta a asibitocin da aka zaɓa. Ma'aikacin gwamnati mai albashi shi ya fi sauƙin shiga irin waɗannan tsare-tsare, tunda daga albashi ake cirewa. Manomin da kuɗinsa ke zuwa sau ɗaya a shekara shi ne har yanzu ba a gama sanin yadda za a yi da shi ba, kuma mu ne mafi yawa. Me zai hana a tsara zubin shekara ya dace da kaka, lokacin da buhu ke hannu? Irin tambayar da ɗan majalisar da ya fito daga yankin noma ya kamata ya ɗauka ke nan.

Sai kuma sanin wa za a tambaya, don sau da yawa muna kai kuka inda ba a nan maganinsa yake ba. Manyan asibitocin koyarwa, kamar na Katsina da na Shika, na Gwamnatin Tarayya ne. Babban asibiti irin na Musawa, Malumfashi ko Funtua na jiha ne. Ƙananan asibitocin mazaɓu kuwa suna tsakanin ƙaramar hukuma da hukumar lafiya matakin farko ta jiha. Sanatan Katsina ta Kudu da ɗan majalisar tarayya mai wakiltar Musawa da Matazu ba su ke ɗaukar nas aiki ba, amma su ke amincewa da kasafin tarayya, su ke da ikon ƙara kason wancan asusu na kula da lafiya a matakin farko, su kuma binciki ko an saki kuɗin. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Yulin 2024 cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shugaban ƙaramar hukuma da kansila ma suna da amsar da za su bayar. Gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ce burinta a samu ingantaccen asibiti ɗaya a kowace daga cikin mazaɓu 361 na jihar. Ma'auni ne mai kyau, domin kowa na iya takawa ya ga na mazaɓarsa. Sai dai gini shi ne mai sauƙin. Asibiti sai da ma'aikaci, kuma a yankin da 'yan bindiga suka addaba, ma'aikaciyar da aka turo ba za ta kwana ba sai da masauki mai katanga, da wuta, da ruwa, da albashin da ya kai a jure. Shi ya sa maganar tsaro da ta lafiya ba sa rabuwa. Ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara 652 suka rasu sanadiyyar tamowa a cibiyoyinta na Jihar Katsina a wata shida na farkon 2025, shekarar da Amurka ta janye kaso mai yawa na tallafin da take bayarwa. Abin da muka saba jira daga waje ba shi da tabbas.

Nan gaba kaɗan za mu soma ganin motocin duba marasa lafiya kyauta, da aikin ido, da ɗan takarar da zai zagaya asibiti ya biya wa wasu kuɗin gado. Kada mu raina wannan. Tsohon da aka cire wa yanar ido ya koma ganin jikokinsa, kuma Allah ya saka wa wanda ya yi. Mu karɓa, mu yi godiya, amma mu san cewa kyautar kwana biyu ce, naƙuda kuwa ba ta jiran kakar zaɓe. Idan ya zo neman ƙuri'a a 2027, mu tambaye shi abin da za a iya ƙirgawa. Ma'aikatan karɓar haihuwa nawa ne a mazaɓarmu yanzu, nawa za su zama bayan shekara huɗu? Mutum nawa aka yi wa rajistar taimakekeniya a nan, wa ya zaɓe su? Idan ya ce kyauta, daga ina kuɗin zai fito? Wanda ya riga ya riƙe kujerar, a tambaye shi abin da ya faɗa a zauren majalisa lokacin da ake muhawarar kasafin lafiya. Wanda ya san aikin zai amsa, ko daga wace jam'iyya yake.

Tambayar ta fi ƙarfi idan ta fito daga ƙungiya. Ƙungiyar manoma, matasan unguwa, malaman Islamiyya, da masu unguwanni za su iya zama su rubuta buƙatu biyu ko uku, su miƙa wa duk ɗan takarar da ya zo, su ajiye kwafi. A kuma ba mata wuri a wannan zama. Su ke zuwa awo, su ke kwana a gefen gadon yaro, su suka san ranar da aka ce ba magani, kuma su suka fi cika layi ranar zaɓe.

Akwai kuma abin da ba sai an jira zaɓe ba. Kowannenmu na iya zuwa asibitin mazaɓarsa ya tambayi shugaban asibitin, cikin ladabi, ko suna cikin waɗanda ke samun kuɗin asusun tarayya, su wane ne 'yan kwamitin mazaɓa, kuma yaushe suke zama. A tabbatar kowa a gida yana da lambar katin ɗan ƙasa, domin ana neman ta wajen rajistar inshora. Idan damina ta kama, masu raba maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro na yara 'yan ƙasa da shekara biyar suka shigo gida-gida, a karɓa, a kuma ba yaro sauran ƙwayoyin na kwana biyun da ke biye kamar yadda suka yi bayani.