Allurar Barci a Ɗakin Tiyata

Sa majinyaci barci kafin tiyata fanni ne mai zaman kansa a aikin likita. Ana ƙirga farkonsa daga 16 ga Oktoba, 1846, ranar da William Morton, wani likitan haƙori, ya shaƙa wa majinyaci sinadarin eta a birnin Boston na Amurka, aka cire masa ƙari a wuya. Yau akasari allura ake yi ta jijiya, mutum ya yi barci cikin ƙasa da minti ɗaya, ko kuma allurar baya da ke kashe rabin jiki, irin wadda ake yi wa mai haihuwa ta tiyata tana ido biyu.

Cikin abubuwan da suka rage mace-mace a fannin akwai na'urorin sa ido. Mafi shahara ita ce 'yar na'urar da ake maƙala wa yatsa, tana haska jan haske, tana ƙara daidai da bugun zuciya, tana nuna yawan iskar oksijin a jini. Injiniyan Japan Takuo Aoyagi ne ya gano dabararta a shekarun 1970. Sai dai wani bincike na Jami'ar Michigan a 2020 ya nuna cewa ta fi yin kuskure a kan baƙar fata, ta nuna lafiya lau alhali iskar ta yi ƙasa. Likitan da ya dogara da lambar kaɗai, bai dubi majinyacin ba, ya yi sakaci.

Wanda aka sa barci ba ya da bakin cewa a'a, shi ya sa neman yardarsa tun yana farke ya zama wajibi. A yi masa bayani da harshen da yake ji, har da haɗarin da ke ciki. A asibitoci da dama na ƙasar Hausa akan tsaya jiran miji ya zo ya sa hannu, ga mace tana zubar da jini, alhali yardarta ce ƙa'idar aikin ke nema tun farko.

Akwai kuma batun ketamin, maganin sa barci wanda aka haɗa a 1962. Ba ya danne numfashi sosai, don haka shi ne madogarar asibitocin karkara marasa wutar lantarki. Masu shaye-shaye ma suna nemansa. A 2015 ƙasar Sin ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsaurara dokarsa, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙi goyon baya saboda talakawan da za su rasa maganin tiyata, aka jingine maganar.