Karayar Kwatangwalo da Sha'anin Shimfiɗar Ma'aurata

Ya ku malamai da attajirai, ga wata matsala wadda kunya kan hana a tambayi likita, alhali kuwa tana iya girgiza aure: halin da shimfiɗar miji da mata kan shiga bayan an yi wa ɗayansu aikin karayar kwatangwalo.

Ku sani karayar nan takan auku ne a saman ƙashin cinya, kusa da inda kansa ya shige cikin gurbi. Tsofaffi faɗuwa kan karya su, matasa kuwa haɗarin mota ko babur. Likita ko dai ya ɗaure ƙashin da ƙusoshin ƙarfe, ko ya cire kan ya sa na ƙarfe. John Charnley na Ingila ne ya kyautata aikin sauya gaɓar ɗungurungum a 1962. A Kano kuwa asibitin ƙashi na Dala yana aiki tun 1959.

Shi aikin bai cika taɓa jijiyoyin mazakuta ba. Abin da kan kawo rauni shi ne ciwo, da ƙagewar gaɓa, da baƙin cikin jinya, da magungunan kashe zafi irin su tiramadol, waɗanda kan rage sha'awa. Ga kuma tsoro: mai jinya na gudun goce gaɓa, mai lafiya na gudun cutar da shi, sai kowa ya yi shiru yana zaton an guje shi.

Likitoci kan ba da izinin komawa ga iyali bayan mako 6 zuwa 8, in miki ya warke kuma ciwo ya lafa. Wanda aka sauya wa gaɓa akan gargaɗe shi har kamar wata 3: kada gwiwa ta ɗaga ta wuce kwatangwalo, kada ya harɗe ƙafafu, kada ya murɗa ƙafar ciki. Saboda haka kwanciya rigingine ta fi masa aminci, gado mai tudu ya fi katifar ƙasa, zaman buzu ma a dakata. In aka ji zafi mai tsanani farat ɗaya, ƙafa ta gajarta ko ta karkace, a garzaya asibiti, kada a tsaya wurin mai ɗori.

Mai mata fiye da ɗaya ya tuna malaman fiƙihu sun ce rabon kwana bai faɗuwa don ciwo, domin abin da ake rabawa kwana ne, ba saduwa ba.

In wata 6 ya shuɗe rauni bai gushe ba, a nemi a auna sukari da hawan jini, a sake duba magunguna. Miji da mata su je tare, su faɗa wa likita a fili. Mai ɓoye ciwonsa shi ke jinkirta maganinsa. Allah ya ba marasa lafiya sauƙi. Wassalam.