Gwajin Yoyo da Zuƙe Iska a Bututun Famfon Zafi

Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan matakai biyu da ake bi kafin a saki sinadarin sanyi cikin bututun na'urar da za mu kira "famfon zafi". An zaɓi wannan suna domin na'urar ba ƙirƙirar zafi take yi ba, kwaso shi take yi daga wani wuri ta kai wani, kamar yadda famfo kan ja ruwa. A Turai ɗumama gidaje ake yi da ita. Na'urar sanyaya ɗaki da muka saba gani a Kano da Maraɗi ƙanwarta ce, kuma aikin bututunsu ɗaya ne.

Bututun jan ƙarfe ne ke haɗa sashen waje da na ciki, yoyo kuwa galibi a mahaɗa yake faruwa, wato inda aka buɗa bakin bututu aka ɗaure da noti, ko inda aka yi walda. Saboda haka matakin farko shi ne a cika bututun da busasshiyar iskar naitirojin, a ɗaga matsinta sannu a hankali zuwa adadin da kamfanin ya ƙayyade, wanda a na'urori masu amfani da R410A ko R32 yakan kai kusan bar 40. Sai a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a kuma sa ido a kan ma'auni. A manyan gine-gine akan bar shi awa 24. Dole a yi la'akari da yanayi, domin sauyin digiri ɗaya yakan motsa matsin da kusan bar 0.1. Haramun ne a yi wannan gwaji da iskar oksijin, don haɗuwarta da mai a ƙarƙashin matsi tana iya haddasa fashewa.

Mataki na biyu, wato zuƙe iska, shi ne aka fi yi wa gurguwar fahimta. Manufarsa fitar da iska da laima ce, ba neman yoyo ba. Idan matsi ya ragu ƙwarai, ruwa yakan tafasa ba tare da wuta ba, ya zama tururi, inji ya janye shi. Matsin iskar duniya maikiron 760,000 ne, abin da ake nema kuwa shi ne a sauko zuwa 500 ko ƙasa da haka. Daga nan sai a rufe bawul a jira. In adadin ya hau kaɗan ya tsaya, akwai sauran laima. In ya ci gaba da hawa ba tsayawa, akwai ɓula. Laimar da aka bari takan gauraya da man kwamfireso ta haifar da asid, ko ta daskare ta toshe hanya.

Wasu masu gyara sukan tsallake matakan biyu, su saki ɗan gas ya kori iskar da ke ciki, su ce aiki ya kammala. A ganinmu wannan ha'inci ne, ko da ba da niyya ba, domin illarsa sai bayan watanni take bayyana, lokacin da mai gida ya riga ya biya. Ga kuma ɓarnar muhalli: kilo ɗaya na R410A yana ɗumama duniya daidai da kilo 2,088 na iskar kabon dayoksaid, R32 kuwa 675. Irin waɗannan sinadarai ne Gyaran Kigali na 2016 ga Yarjejeniyar Montreal ya tanadi a rage amfani da su.