Mai Tuba Daga Giya Yana Bukatar Abokin Tafiya

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Mai karɓar tuban bayinSa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, Gaya gari ne na mashiga. Gada ce kawai tsakaninmu da Malanbil, Kamba tana kusa, manyan motocin Kwatano kuma sun sha kwana a bakin iyakarmu. Hanyar da arziki yake bi, ita ce barasa take bi, ta kwalba da ta tukunya. A cikinmu akwai wanda ya ajiye ta a daren ganin wata, yana fargabar ranar Salla domin ya san abokan da suke jiransa. Maganarmu ta yau tasa ce.

Haramcin giya ba abin jayayya ba ne, amma mu dubi yadda ya sauka. Aya ta 219 a Suratul Baƙara ta bayyana cewa zunubinta ya rinjayi amfaninta. Aya ta 43 a Suratun Nisa'i ta hana kusantar salla cikin maye. Sannan aya ta 90 da ta 91 a Suratul Ma'ida suka yanke hukunci. Da haramcin ya zo, mutanen Madina tare suka zubar da ita, kowa yana ganin ɗan'uwansa yana zubarwa. Bukhari kuma ya ruwaito labarin sahabin da aka sha kawowa saboda sha. Da wani ya la'ance shi, Annabi (SAW) ya hana, ya shaide shi da son Allah da ManzonSa. An yi masa haddi, amma ba a fitar da shi daga jama'a ba.

Waɗanda ba Musulmi ba ma sun gano amfanin jama'a a wannan ciwo. A shekarar 1935, a garin Akron na Amurka, mashaya biyu, Bill Wilson da likita Bob Smith, suka lura cewa wanda ya ɗanɗani masifar shi ne mashayi yake saurara. Daga haɗuwarsu ƙungiyar Alcoholics Anonymous ta tsiro, mai matakai 12, ta bazu a ƙasashe masu yawa. A 1989 Musulmin birnin Baltimore suka kafa tasu, Millati Islami, bisa tauhidi da tuba.

To, ina mutumin Gaya zai samu irin wannan zama? Ya fara da likita. Wanda ya daɗe yana sha kullum, in ya yanke gaba ɗaya, jikinsa yana iya ɗaukar rawa da gumi, har farfaɗiya da gane-gane cikin kwana biyu zuwa uku, kuma hakan yana iya kisa. Ya je asibitin Gaya ya faɗi gaskiyar abin da yake sha. In lamarin ya yi nauyi a tura shi Dosso ko Yamai. Shan magani da rana bisa umarnin likita uzurin mara lafiya ne, sai ya rama azumin daga baya. Daga nan ya tambayi likitan, ko limamin unguwarsu a keɓe, su haɗa shi da wanda ya riga shi bari. Mutum biyu sun isa zama. Matasanmu sun san fada: tabarma, butar shayi da hira. A yi fadar masu tuba, maza daban, mata daban.

Zaman yana da ladubba. Na farko, sutura: abin da aka faɗa a wurin, a nan ake binne shi, ba a kai sunan kowa kasuwa. Na biyu, kowa labarin kansa yake bayarwa, ba a katse shi, ba a yi masa gori. Na uku, a tsayar da lokaci, kamar bayan Isha'i sau biyu a mako, kada a ɗaga shi don biki ko ranar kasuwa. Na huɗu, kowane sabo ya sami wanda ya daɗe da bari, wanda zai kira a waya ko da tsakar dare in sha'awa ta taso. Na biyar, alkawarin yini guda ake ɗauka: yau ba zan sha ba, gobe kuma a sabunta. Na shida, wanda ya zame ya koma sha, a je a nemo shi. Ƙofar tuba ba a hannunmu take ba, balle mu rufe ta.

Ku kuma iyaye da mata da maƙwabta, in kun ga naku yana zuwa irin wannan zama, kada ku bi shi da tambayar su wa ya gani a can. Ku buɗe masa sahu a masallaci, ku kira shi buɗa baki, ku taimake shi da sana'ar da za ta raba shi da tsohuwar majalisa. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, zama da masu tuba kuwa shi ke riƙe tuba.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya yaye wa waɗanda aka jarraba, Ya suturta mu duniya da lahira. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.