Wankin mota da tabon ruwa

Motocin da ke zuwa Bune suna shan ƙura. Wasu daga Gure suke fitowa, wasu daga Damagaram. In sun bar kwalta sai su shiga rairayi, kafin su iso gari duk jikinsu ya yi fari. Shi ya sa yaron mota yakan ɗebo ruwa a rijiya ya wanke motar maigidansa. Amma sau da yawa, in ta bushe, sai a ga fararen ɗige-ɗige a kan gilashi da fenti. Wannan shi ake kira tabon ruwa. Daga ina ya fito, tun da ruwan da aka yi wankin da shi garau yake?

Abin da ke ɓoye cikin ruwa

Ƙasar Manga ƙasar kwarurruka ce. A cikin kwari ruwa ba ya da nisa, shi ya sa dabino da goruba suke yin kyau. A wasu kwarurrukan, in rani ya yi, ruwa ya janye, sai farar kanwa ta fito a kan ƙasa. Tun zamanin kakanni mutanen Manga suna tace ƙasa mai gishiri, su dafa ruwanta har ya ƙone, su sami mangul. Rana da wuta suna ɗauke ruwa, amma ba su iya ɗauke gishirin da ya narke a cikinsa.

Haka abin yake a jikin mota. Ruwan rijiya ya daɗe cikin ƙasa, ya narkar da kanwa, da gishiri, da farar ƙasa. Ido ba ya ganinsu. In ɗigon ruwa ya zauna a kan gilashi, rana ta buge shi, sai ruwan ya zama tururi ya tashi. Abin da ya narke a ciki kuwa sai ya tsaya nan, ya zama farin tabo. Kowane ɗigo kamar ƙaramin kwari ne da ya ƙafe.

Ruwan sama ba ya barin tabo irin wannan, domin daga tururi ya samu, ya baro gishirinsa a teku. Litir ɗaya na ruwan teku yana ɗauke da gishiri wajen giram 35, amma girgije ba ya ɗaukar wannan gishiri. Sai dai ruwan farkon damina yakan haɗo da ƙura.

Me ya sa tabon yake da lahani?

Gilashi mai tabo yana hana direba gani sosai, tun ba da dare ba, in fitilar wata mota ta haske shi. A hanyar da raƙuma da jakai da yara suke ratsawa, wannan hatsari ne. Tabon da ya daɗe kuma yana cin fenti. Fenti shi ne rigar ƙarfe: in ya lalace, laima ta sami ƙarfe, sai tsatsa ta kama shi.

Yadda ake wanki

Ana wanke mota da sassafe ko da maraice, a cikin inuwa. In ƙarfe ya yi zafi, ruwa yana bushewa tun ba a kai ga goge shi ba.

Da farko sai a watsa ruwa a sauke rairayi. Ba a goge ƙura da busasshen tsumma, domin rairayi ya fi fenti tauri, yana karce shi.

Ana tanadar bokiti biyu: ɗaya da ruwan sabulu, ɗaya da ruwa zalla. In an goga tsumma a jikin mota, sai a ɗauraye shi a ruwa zalla kafin a sake tsoma shi a ruwan sabulu. Ta haka rairayi yake kwanciya a gindin bokiti, ba ya komawa kan fenti. Wannan dabara tana kuma tsimin ruwa, abin da ke da wuyar ja a lokacin bazara.

Ana farawa daga rufi, a sauko ƙasa. Tayoyi su ne na ƙarshe, da tsummansu dabam. Ana bin motar gefe-gefe: a wanke ƙofa ɗaya, a ɗauraye, nan take a tsane ta da tsumma mai laushi, sa'an nan a wuce gaba. In tsumma ya sha ruwan, ya tafi da gishirin ke nan.

In tabo ya riga ya zauna fa? Kanwa da gishiri suna fita da ruwa zalla. Farar ƙasa kuwa sai da tsami. A matsa lemun tsami cikin ruwa kaɗan, a shafa wa gilashin, a jira jim kaɗan, a ɗauraye, a tsane.

Kakin mota

Bayan wanki, wasu direbobi suna shafa wa mota kaki na gwangwani. Ruwa ba ya kama kaki: yana dunƙulewa ya gangara. Kakin zuma yana narkewa in zafi ya kai wajen digiri 63, ga shi kuwa ƙarfen mota yana zafi ƙwarai a ranar bazara. Shi ya sa ake haɗa kakin mota da wani kaki mai tauri da ake kira karnoba. Ana samunsa a ganyen wata itaciya mai kama da giginya a ƙasar Birazil, ba ya narkewa sai zafi ya wuce digiri 80. Ana shafa shi kaɗan-kaɗan a inuwa, a bari ya yi fari, a goge. Ba a shafa shi a gilashin gaba, ba a kuma shafa shi a kan ƙura ko tabo.

A kula da rijiya

Ba a wankin mota a bakin rijiya ko cikin kwari. Ruwan wanki yana ɗauke da sabulu da baƙin mai. Inda ruwa yake kusa, da sauri suke nutsewa su same shi. Wannan ruwa kuwa shi mutane da dabbobi suke sha, shi ake bai wa lambu.

Tambayoyi

1. Mene ne ke barin farin tabo a kan gilashi?
2. Don me ba a wankin mota da tsakar rana?
3. Mene ne amfanin bokiti na biyu?
4. Ina kamar tabon ruwa da kanwar kwari?

Aiki

Ku sami ɓallin gilashi mai tsabta. Ku ɗiga ruwan rijiya a gefe ɗaya, ruwan da aka jiƙa kanwa a tsakiya, ruwan sama a ɗaya gefen. Ku ajiye a rana har su bushe. Ku zana abin da kuka gani cikin littafinku.